Me ya sa mai ƙuri'a ba ya tambayar ɗan takara lafiyar abin da yake ci?

Wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya huɗu a Kano, ta aiko da tambaya. Ta ce duk kakar zaɓe tana jin ana yi wa mutane alkawarin titi da rijiyar burtsatse da taki, amma ba ta taɓa jin wanda ya miƙe a taron siyasa ya tambayi ɗan takara abin da zai yi kan waken da ake zuba wa fiya-fiya, ko manjan da ake rinawa, ko naman da ake yankawa ba a duba ba. Ta ce shin mutanenmu ba su damu ba ne, ko kuwa ba sa son gwamnati ta sa musu hannu a tukunya?

Malama, na yi aikin duba-gari kusan shekara talatin kafin in ajiye, kuma wannan tambayar taki ta daɗe tana cin raina. Mutane sun damu. Ban taɓa ganin uwar da za ta ɗauki guba da saninta ta ba ɗanta ba. Abin da na gani shi ne mutum ɗaya yana da baki biyu a kan dokar abinci. Idan maganar babban kamfani ake yi, ko ɗan kasuwar da ke can nesa, sai ya ce a kama, a ƙona, a ɗaure. Idan dokar ta iso layinsu ta tsaya a kan teburin maƙwabcinsa, shi zai fara zuwa roƙo. Kuma da baki na biyun yake jefa ƙuri'a.

Bari in ba ki abin da ya faru a gabana. Wata ranar kasuwa, a wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba, na isa kwata da sassafe tare da malamin dabbobi. An kayar da wata saniya, an feɗe, sai muka duba huhu. Ƙuraje ne farare-farare, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun haɗe sun zama dunƙule, an yanka ɗaya sai ga abu kamar cuku a ciki. Muka duba hanta da kaluluwa, nan ma ya bazu. Tarin fuka ne na shanu, kuma yana kama ɗan Adam. Hukuncin irin wannan nama a bayyane yake: a haƙa rami, a zuba masa kalanzir ko farar ƙasa, a binne.

Mahaucin ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Bashi ya karɓo saniyar, sai ya sayar zai biya. Kafin minti ashirin an kewaye mu. Abin da ba na mantawa, waɗanda suka fi matsa mana lamba ba mahauta ba ne. Masu saye ne, da kwanukansu da ledojinsu a hannu, mutanen da naman nan zai shiga cikinsu da na 'ya'yansu kafin la'asar. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Malam, ka dubi girman Allah, yaron nan iyali gare shi. Wuta ai tana kashe komai." Sarkin fawa ya ce a yanke inda ya lalace a jefar, a bar masa saura. Muka ƙi. Aka binne. Da yamma sai ga saƙo daga wani mai riƙe da muƙamin siyasa a yankin, ya ce in riƙa sassautawa, zaɓe ya matso, mahauta suna da jama'a. Bai ce naman lafiya ƙalau yake ba. Lissafinsa kawai ya yi: mahautan da aka ɓata wa rai za su tuna ranar zaɓe, mutanen da aka tsare daga cuta kuwa ba su ma san an tsare su ba.

Wannan lissafin shi ne gindin maganar. Wanda doka ta taɓa ya san sunansa, ya san nawa ya yi asara, yana da ƙungiya da shugaba. Wanda doka ta kare ba shi da labari. Kin tuna maƙoƙo? Mu da muka manyanta mun san lokacin da ba ka rasa ganin mai kumburin wuya a kasuwannin ƙauye. Tun shekarun 1990 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri, daga baya aka sa a ƙara bitamin A a sukari da fulawa da man girki. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin mai maƙoƙo ba. Amma ba wanda ya taɓa dangwala wa wata jam'iyya ƙuri'a don wuyansa bai kumbura ba.

Sai kuma laifinmu, mu ma'aikata, don idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Ki tambayi mai tuwo-tuwo a tasha, ko mai shayi, ko mai gidan burodi na unguwa, me ya sani game da hukumar kula da abinci. Zai ce miki wasu mutane ne da ke zuwa da rasit. Wannan ya zo na lafiya, gobe wancan ya zo na haraji, jibi wani ya zo na muhalli, kowa da tikitinsa. Wasu ko murfin tukunya ba sa ɗagawa, a ba su na goro su wuce. Mutumin da ya shekara ashirin yana ganin haka, idan ɗan takara ya ce masa zai ƙarfafa dokar tsaftar abinci, abin da kunnensa ya ji shi ne za a ƙaro masu rasit. Ba ƙin tsafta yake yi ba. Bai taɓa ganin dokar da fuskar kariya ba, da fuskar karɓa ya san ta. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda idan ya shigo unguwa mata ke rige-rigen wanke randa. Tsoronsa ake ji, amma an yarda idan ya ce randa da tsutsa, to da tsutsar. Wannan yardar ce muka zubar.

Akwai kuma yanayin ita kanta cutar. Yawancin gubar da ke cikin abincinmu ba ta kayar da mutum nan take. Ɗauki gyaɗa da masara. Idan ba su bushe sosai ba aka zuba a buhu, ko aka shanya a ƙasa mai laima, fumfuna kan kama su ta bar wata guba da ake kira afalatoksin. Ba ta da ɗanɗanon da za a gane, dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Tana bin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da tuwo da kunu, har nonon saniyar da ta ci dusar da ta gurɓata. Shekaru take ɗauka tana cin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. Ranar da magidanci ɗan shekara arba'in da biyar zai kwanta cikinsa ya kumbura, ba wanda zai tuna da gyaɗar da aka tsince aka ware a matsayin rubabbiya, sannan aka sayar wa masu ƙuli da araha. Za a ce ajali ne, kuma lallai ajali ne, amma sababi yana nan, kuma addininmu bai hana bin sababi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe kimanin 137,000. Da a rana ɗaya a wuri ɗaya suke mutuwa, da gwamnatoci sun faɗi. Ɗaya-ɗaya suke tafiya, kowa a ɗakinsa.

Maganar wake da kika kawo ita ce ta fi ba ni takaici. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an riƙa samun maganin ƙwari na dikulobos a cikinsa, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya da Sniper. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an samu wani waken namu da ya kai 4.6. A 2016 suka tsawaita haramcin. To, waken da Bature ya ƙi, ina ya tafi? Bai koma gona ba. Mu muka ci shi a ƙosai da alala da garau-garau. A lokacin, kukan da aka fi yi na asarar kuɗin shiga ne da zubewar mutuncin ƙasa. Kaɗan ne suka ce, to mu fa? Sai a ƙarshen 2018, da wani bidiyo ya yaɗu na 'yan kasuwa a Legas suna yayyafa wa wake Sniper, sannan hankalin jama'a ya tashi. Gani ya kori ji. A 2019 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni da kantuna. Amma ɗan kasuwar da ya tara buhu ɗari biyar na wake, ƙwaro na jiransa, idan ba a nuna masa wata hanya ba zai nemo maganin ko ta ina.

Idan cuta ta fito fili kuwa, sai ki ga ɗayan bakin ya buɗe. A watan Maris na 2021, gab da azumi, aka fara kai mutane asibitocin Kano suna amai, suna fitsarin jini, idanu sun yi ɗorawa. Aka bi sawu aka gano garin lemon kwaba ne da ya lalace, da wani abu da ake sayarwa da sunan ɗan tsami. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce mutum goma sun rasu, kusan 400 sun kwanta, wasu har da wankin ƙoda. NAFDAC ta ce ta samu wani sinadari mai guba, haidiroksilamin, a cikin abin da aka gwada. Ranakun nan duk gidan rediyon da ka murɗa, kira ake yi: ina hukuma, me ya sa ba a duba kasuwa, a kama su, kada a ba da beli. Mata suka daina sayen lemon ƙulli, aka koma tsamiya da zoɓo na gida. Na yi zaton wannan karon maganar za ta zauna. Aka kama kaya, aka ƙona, azumi ya wuce, salla ta wuce. Da aka zo yaƙin neman zaɓen 2023 na saurari tarurruka da muhawarori iya iyawata, ban ji wanda ya tayar da ita ba. Fushinmu a kan abinci wutar kara ce.

Wani lokacin ma fushin a kan abin da babu shi yake sauka. A Disambar 2016 kwastan suka ce sun kama buhu 102 na shinkafar roba a Legas, ƙasa ta ɗauka, kowa na gwada shinkafarsa da ashana. Da aka kai ɗakin gwaji aka ga ba roba ba ce, shinkafa ce ta gaske, sai dai ta gurɓata da ƙwayoyin cuta. Labarin robar har yau ana ba da shi. Na ƙwayoyin cutar, wanda shi ne gaskiya kuma shi ke kisa, an manta.

Duk da haka kada ki yarda da mai cewa ɗan Najeriya ba ya son doka. Dora Akunyili ta ƙaryata wannan. An kafa NAFDAC da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, amma talaka bai san da ita sosai ba sai da matar nan ta karɓi ragamarta a 2001. Ta rufe manyan kasuwanni, ta ƙona jabun kaya na miliyoyin naira a bainar jama'a, ta bi gidajen burodi kan sinadarin buromet da ake sawa don burodi ya kumbura, ta sa masu ruwan leda yin rajista. A Disambar 2003 aka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta. Daga nan har yaro ya koyi juya leda ya nemi lambar NAFDAC. Me ya sa aka so ta, alhali ita ma ta taɓa abincin mutane? Don an ga daga sama ta fara, an ga ba ta karɓa, an kuma ga ta sa ranta a ciki. Mai shayi zai haƙura a zubar masa da madarar da ta lalace idan ya ga jiya an rufe sito na attajirin da ya sayar masa da ita.

Amma ga ƙarashen labarin, wanda ya shafi tambayarki kai tsaye. A 2011 Dora ta tsaya takarar sanata a Anambra ta Tsakiya, a jam'iyyar APGA, ta sha kaye a hannun Chris Ngige da ƙaramin rinjaye. Matar da ƙasa gaba ɗaya ta yi wa shaida, a jiharta ba ta kai ba. Dalilan siyasar yankin suna da yawa, ban ce wannan kaɗai ba ne. Abin da nake nunawa shi ne yabo daban, ƙuri'a daban. A rumfar zaɓe jam'iyya da ubangida da ɗan garinmu da wanda ya zo ta'aziyya duk suna gaban ingancin abinci a layi.

Yunwa kuma tana gaban su duka. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ki je kasuwar kayan gwari da yamma ki ga wa ke sayen tumatirin da ya fashe ya fara fari-fari. Matar da ke tsugune tana zaɓa ta san ba shi da kyau, hancinta lafiya yake. Kuɗin hannunta ne bai kai na mai kyau ba. Idan na zo na zubar da kwandon nan, a wurinta ni ne na hana ta miya yau. Ba za ta zaɓi wanda ya turo ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Duk dokar da za ta ƙara wa kwanon abinci ko naira hamsin, a irin wannan lokaci, talaka zai karɓe ta a matsayin ƙarin ƙunci. Shi ya sa ɗan siyasa ya gwammace ya raba taliya da shinkafa, ba ya tambayar ko kwanan watan da ke jikin ledar ya wuce, mai karɓa ma ba ya tambaya.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, don a nan ne ƙuri'arki take da nauyi. Mutane suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Duk abin da ya faru sai a ce ina NAFDAC, ina shugaban ƙasa. NAFDAC aikinta ya fi ƙarfi a kan abin da aka sarrafa aka ƙulle a leda ko kwalba ko gwangwani, da abin da aka shigo da shi. Amma yawancin abin da ke shiga cikin Bahaushe ba ya da lamba: tsire, balangu, fura da nono, awara, ɗanwake, kifin da aka banda, mangwaro da ayabar da aka nuka da kabaid ɗin masu walda. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da kwata da kasuwanni da gidajen abinci da gidajen burodi a wuyan ƙaramar hukuma. Wato ciyaman da kansila. Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, ƙasa baki ɗaya 774. Kuma zaɓensu shi ne wanda mutane suka fi raina wa, har wasu ba sa sanin ranar da aka yi shi. Ko zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba, balle na kansila. Wanda ke da iko a kan ruwan da ake wanke naman da za ki dafa, shi ne wanda ba ki san sunansa ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Idan hakan ya tabbata a aikace, uzurin babu kuɗi zai ragu, tambaya kuma za ta sami wurin sauka.

A wasu ƙasashe maganar ta taɓa shiga akwatin zaɓe. A Birtaniya, bayan cutar haukan shanu ta zubar da yardar jama'a ga gwamnati, jam'iyyar Leba ta sa alkawarin kafa hukumar abinci mai zaman kanta a manufofinta na zaɓen 1997, aka kuma kafa ta a 2000. Can ɗin ma sai da aka yi rashi, amma masu saye suna da ƙungiyoyi da jaridun da ba su bar maganar ta mutu ba. Mu a nan mahauta suna da ƙungiya, masu burodi suna da ita, 'yan hatsi suna da ita, masu ruwan leda suna da ita. Mai ci ne kaɗai ba shi da ita. Ƙudurin dokar ingancin abinci ta ƙasa ya yi shekaru yana kai-komo a majalisar tarayya, don ba wanda ke tsaye a ƙofa yana jiran sa.

Abin mamaki, muna da tushen da ya fi na kowa ƙarfi. Ba Bahaushen da bai san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Duba kasuwa aikin hisba ne tun asali. Na gwada da kaina: idan na ce wa ɗan kasuwa sashe kaza na doka ya hana, sai ya fara neman wanda zai kira a waya. Idan na ce masa wannan algus ne, kuma marayu za su ci, sai ya sunkuyar da kai. Da limamai za su ba maganar fiya-fiya a wake da rini a manja huɗuba guda a kowace kaka, da kansila ya ji ta kafin mu kai masa.

Don haka, Malama, idan masu neman ƙuri'a suka zo ƙofar gidanki, kada ki ce musu a inganta abinci, kowa zai ce in sha Allahu ya wuce. Ki tambayi abin da ake iya gani da ido a ƙirga. Duba-gari nawa ne a ƙaramar hukumar nan, yaushe rabon da a ɗauki sabo? Kwatarmu tana da ruwan famfo ko daga kududdufi ake ɗiba? Malamin dabbobi yana zuwa kafin a fara yanka ko sai an gama? Idan an binne saniyar mahauci, akwai asusun da zai rage masa asara, don gobe kada ya yanka a bayan gida a ɓoye? Wannan ta ƙarshen ita ce da an yi ta, da dattijon nan bai kama hannuna ba. A kan wake kuma, akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba, kuma manomanmu da na Nijar sun san shi fiye da shekara goma. Ki tambayi ɗan takara ko zai saye shi ya karya farashi ga 'yan hatsin kasuwarku kafin kaka, yadda ake yi da taki. Ku je ku goma daga islamiyyarku ko ƙungiyar adashinku, ku sa ya faɗa a gaban mai unguwa, ɗaya daga cikinku ta ɗauka a waya, ku ajiye har ranar da zai dawo neman zango na biyu.